Sabulun Daso da Mutumin Cikin Rigar Nama

Duk ɗan Najeriyar da ya zauna a unguwar Taman Melati ta Kuala Lumpur cikin 'yan shekarun nan ya san Daso matar Abdulwahidu, kuma da nama aka fara saninta. Ita ma ba ta ɓoyewa. 'Yar mahauta ce daga Fagge, mahaifinta ya shekara arba'in yana fawa a kwata. Takan ce a gidansu yaro yana iya bambance tozo da kitsen ciki tun bai iya ɗaura zariyar wando ba. Idan aka gaya mata an haihu, ba ta fara tambayar mace ce ko namiji, sai ta ji me za a yanka tukuna.

Mijinta kuwa siriri ne mai sanyin hali, yana digiri na uku a fannin injiniyan ruwa. Da za a bar shi, shayi da burodi sun ishe shi har ya gama karatu. Yakan kira ta kurar gidansa, ita kuma ta amsa ba tare da ta ji komai ba.

Satin da suka sauka Kuala Lumpur ya kai ta cin sate, wato tsiren mutanen ƙasar. Ta ɗaga tsinke ɗaya tana juya shi a gaban idonta.

"Maigida, wannan ai tsiren 'yar tsana ne. Kuma wa ya ce musu ana sa wa nama sukari?"

Duk da haka sai da ta ci tsinke talatin da biyu kafin su tashi.

Sun shekara biyu a garin kafin ta haɗu da abin da ya jawo mata magana. An gayyaci Abdulwahidu wani taron masana a wani otal a tsakiyar gari, aka ba shi tikitin karin kumallo na mutum biyu, ya tafi da ita. Tana bin layin abinci tana buɗe murafai, sai wani ƙamshi ya tsayar da ita cak. A cikin tiren akwai wasu siraran yankuna na nama, dogaye, ja da fari a jere, sun soyu har sun nannaɗe. Ta duba ɗan katin da ke gaba, ta ga an rubuta bekon. Nan take ta saki murfin ta ja da baya, domin a finafinan Turawa ta san sunan, kuma ta san na alade ne.

Matar da ke kula da wurin, wata dattijuwa mai ɗan hijabi, ta yi dariya. Ta ɗora yatsu biyu a kanta kamar ƙaho, ta ce na saniya ne, sannan ta nuna mata takardar shaidar halal da ke manne a bango. Daso ta je ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa. Ta dawo ta ɗauki guda ɗaya, ta yi bisimilla.

Abin da ta ji ba kilishi ba ne, ba kuma soye ba. Gefen ya yi ƙaras-ƙaras, kitsen ya narke a harshe, ga gishiri, ga wani hayaƙi-hayaƙi can ƙasa kamar na tukubar da ta kwana da wuta. Ta tsaya a wurin ta rufe ido. Sau shida ta koma da faranti. A na huɗu ne Abdulwahidu ya ɗauki kofin shayinsa ya koma teburin malaminsa, ya zauna kamar bai san ta ba.

Da suka dawo gida ta shiga waya neman inda ake sayar da na saniyar. Ta samu, amma wayar ba ta tsaya nan ba. Daga ranar duk sanda ta buɗe, sai ta yi ta turo mata abubuwan da masoya wannan nama suke yi a duniya. Ga turare mai ƙamshinsa, ga man leɓe, ga filastar rufe ciwo mai kamarsa, wadda in yaro ya ƙuje a gwiwa sai ka ga kamar an liƙa masa karin kumallo. Akwai wani Bature da ya ƙera agogon da ba ya ƙara, sai dai ya fara suya a gefen gado, ƙamshin ya tashe ka. Akwai amaryar da aka naɗa wa naman kamar furanni ta riƙe ranar aurenta, ango yana gutsura a hoto. Har wani tsoho ta gani da ya sa aka fente masa akwatin gawarsa ja da fari tun yana da rai.

Tana kallo tana dariya har da hawaye, tana miƙa wa Abdulwahidu wayar yana cikin rubutu.

"Dubi wannan don Allah. Wallahi waɗannan 'yan uwana ne, addini ne kawai ya raba mu."

"Daso, gobe zan kai babi na uku."

"To duba ɗaya kawai."

Daga kallo aka koma saye. Ta fara da matashin kai dogo mai siffar naman, ta ajiye a kujerar falo. Ta sayo wa Abdulwahidu safa, ya kwana uku yana zuwa makaranta da ita yana zaton zanen ja da fari ne kawai, sai da wata ɗaliba 'yar Indonesiya ta roƙi ta ɗauki hoton ƙafarsa. Na ƙarshe shi ne sabulu. Kafin ta saya sai da ta bi jerin abin da aka haɗa shi da shi: man ja, man kwakwa, da sinadarin ƙamshi, babu dabba ko ɗaya a ciki. Da ya iso ta buɗe kwalin, sai ta tarar an buga wa sabulun fuskar alade a jiki, yana murmushi, da hular masu dafa abinci. Sannan ta ce a ranta wanka biyu zai goge fuskar, ta kai shi banɗaki ta ajiye. Abin da ta manta shi ne gobe Asabar, kuma taron mata na wata-wata a gidanta ya faɗo.

Uwar wannan taro ita ce Anti Lailatu, matar Malam Sharif. Sun fi kowa daɗewa a garin. Malam Sharif malamin jami'a ne da ya zo ƙaro karatu, shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Arewa na yankin, mai gemu da furfura, mai magana a hankali, wanda in an samu saɓani wurinsa ake zuwa. Anti Lailatu kuwa ita ke karɓar duk sabuwar zuwa, ta zaga da ita kantuna tana koya mata karanta bayan kwali, wannan halal ne, wannan a bar shi. Ba muguwa ba ce. Ranar da Daso ta haifi Afnan ita ta zauna da ita a asibiti, ita ta yi mata kunun kanwa na sati biyu. Amma a kan abin da ya shafi ci da sha ba ta da wasa ko kaɗan. Kowa ya san tun da likita ya ce wa Malam Sharif jininsa ya hau kuma kitse ya yi masa yawa, jan nama bai sake shiga gidanta ba.

Mata goma sha ɗaya suka zo. Daso ta yi farfesun jelar sa tun safe, ƙamshi ya cika har matattakala. An yi karatu, an yi hira, la'asar ta yi, aka shiga alwala ɗaya bayan ɗaya. Anti Lailatu ce ta huɗu. Ta daɗe a ciki. Da ta fito, ta riƙo sabulun da takardar goge hannu, ta miƙe hannun nesa da jikinta.

"Daso, mene ne wannan?"

Matan duka suka juyo.

"Sabulu ne, Anti."

"Na ga sabulu ne. Fuskar wa nake gani a jiki? Kuma warin me yake yi?"

"Wallahi babu komai a cikinsa, man ja ne da man kwakwa. Ƙamshin ma na kanti ne, ba na dabba ba. Bari in ɗauko miki kwalin."

"Da shi kike wanka ki yi salla?"

"Jiya ya zo, sau ɗaya na..."

Mata ukun da suka riga suka yi alwala suka miƙe tare, suka nufi famfon kicin suna sake wanke hannu har gwiwa. Wata ta dubi matashin da ta jingina da shi tun ɗazu, ta gane ko mene ne, ta zame a hankali ta koma ƙasa. Daso ta kawo kwalin tana karantawa da ƙarfi, amma ba wanda ya saurara. Anti Lailatu ta ce ita ba ta ce Daso ta ci haram ba, amma wanda ya kawo hoton abin gidansa, me zai hana a yi tunanin tukunyarsa? Aka yi salla a gurguje. Da aka zo cin abinci, wannan ta ce ta ƙoshi, waccan ta ce maigida yana jira. Mutum biyu kaɗai suka taɓa farfesun, su ma romo suka sha.

Wannan ne ya fi ƙona wa Daso rai. Da zagi aka yi mata da ta rama ta huta. Amma a ce ita, 'yar mahautan Fagge, ta dafa jelar sa awa huɗu a bar mata ita a tukunya!

Washegari dogon saƙo ya fito a zauren matan na waya, yana jan hankali a kan kayan da ake saye ta intanet, ba a ambaci suna ba. Abdulwahidu ya ce ta jefar da sabulun ta ba da haƙuri. Ta jefar, ta ɗauki hoton kwalin ta tura wa Anti Lailatu tare da ban haƙuri. Amsar da ta dawo ita ce, "Allah ya kyauta gaba." Bayan sati biyu aka yi suna a unguwar Setapak, Daso ta aika da kula cike da dambun nama, da yamma aka dawo mata da ita kamar yadda ta tafi. Ta zauna a kicin ta cinye rabi tana hawaye, ta sa sauran a firij.

Ana cikin haka wayar ta nuna mata tallan bikin nama na halal da za a yi ranar Lahadi a filin ajiye motoci na wani babban kanti a Setapak. Ta ce wa Abdulwahidu ya riƙe Afnan, ta sa koren hijabinta ta kira mota.

Rana ta take, kwalta tana huci. Rumfuna sun fi hamsin, hayaƙi ya rufe ko'ina. Ta ga burodin da aka jera wa nama hawa-hawa har ya kai tsawon hannu, ta ga askirim da aka barbaɗa wa soyayyen nama, ta saya ta ɗanɗana ta ce Allah ya shirye su, ta shanye. A gaban wata rumfa kuma ta hango abin da ya sa ta manta da ɓacin ranta. Mutum ne aka sa wa rigar soso mai siffar yankin bekon, ta fi tsawon ƙofa, ja da fari, da manyan idanu na roba da wata 'yar raga a wajen baki inda na ciki yake leƙowa. Hannuwa biyu sun fito ta gefe cikin farar safar hannu. Ana kiɗa, shi kuma yana ɗan rausayawa ba tare da bin kiɗan ba, yana miƙa wa mutane takardun talla.

Daso ta ce yau sai ta yi hoto da wannan. Ta matsa kusa ta ɗaga waya. Tana matsowa naman ya daina rawa, ya ƙame. Ta ƙara matsawa, ya ja da baya. Ta ce masa da ɗan Malayancin da ta iya, "Boleh?", wato ko zai yiwu. Maimakon amsa sai ya juya zai gudu. Rigar ba ta barin mutum ya ga ƙafarsa, ga wayar janareta a shimfiɗe a ƙasa. Ya harɗe, ya tafi gaba ɗaya kamar an sare bishiya, ya faɗi rigingine.

"Wayyo Allah ƙafata! Innalillahi!"

Da Hausa, tsantsarta. Kuma muryar ba baƙuwa ba ce a kunnen Daso. Ita ce muryar da ke karanta sanarwa a duk taron ƙungiya.

Yana kwance yana wutsil-wutsil da hannuwa kamar kunkurun da aka kifar, mutane sun kewaye suna dariya da wayoyi a sama. Mai rumfar, wani ƙaƙƙarfan Bamalaye, ya fito da gudu ya kama gefe ɗaya na soson. Daso ta kama ɗaya gefen, suka ja shi bayan rumfa inda aka jibge kwalaye. Mai rumfar ya zuge zif ɗin baya, ya koma wurin masu saye. Kan Malam Sharif ya fito, jiƙe sharkaf da gumi, ga ɗan guntun nama maƙale a gemu.

Suka dubi juna. Daso ta sunkuyar da kai ta ɗan rusuna.

"Malam, ina wuni."

"Lafiya lau, Maman Afnan. Ya gida? Ya Abdulwahidu?"

"Lafiya ƙalau. Ya zafi?"

"Zafi alhamdu lillahi."

Ta miƙa masa robar ruwan da ke jakarta, ya shanye a tashi ɗaya. Sai da ya murza idon sawunsa ya tabbatar ba karaya ba ce, sannan ya fara bayani, idonsa a kan kwalaye. Mai rumfar wan wani abokin karatunsa ne. Wanda ya saba sa rigar ba shi da lafiya, aka rasa mai tsawon da za ta zauna wa. Shi kuma da ya ji ana maganar a ofis, ya tambaya cikin wasa me ake ba mutum. Aka ce abinci, iya cikinsa, daga safe har a tashi.

"Wata bakwai, Maman Afnan. Wata bakwai kifi da ganye. Kifin ma dafaffe, ba mai ba gishiri. Shekaranjiya na yi mafarkin tozo, na farka ina tauna bakin bargo. Na ce a cikin wannan riga wa zai gan ni? Na ce wa Hajiya ina ɗakin karatu."

Daso ta cije leɓe don kada dariya ta kufce mata.

"Don girman Allah," in ji shi, "kada maganar nan ta wuce nan."

"Malam, ka san dai ni ce mai sabulu."

"Na sani. Na ce mata ta yi gaggawa, ba ta ji ba."

Nan Daso ta ji wani abu ya taso mata mai daɗi. Hoto ɗaya kawai za ta ɗauka ta jefa a zauren mata, ko kalma ba sai ta rubuta ba. Wayar ma tana hannunta. Ta dubi dattijon, rabinsa mutum rabinsa soso, yana numfashi sama-sama. Ta san abin da ake nufi da wata bakwai babu nama, ko da yake ita ko sati ba ta taɓa yi ba. Ta mayar da wayar jaka.

Mai rumfar ya leƙo da faranti biyu shaƙe, ya ajiye musu. Ta ja wani kwali nesa kaɗan ta zauna, ta juya gefe, suka ci. Can ta ce masa wannan daga haƙarƙarin ƙasa aka yanko shi, shi ya sa kitsen ya yi layi-layi. Ya ce ashe, shi dai ci ya sani. Ta ce ba za ta gaya wa kowa ba, amma da sharaɗin kada ya koma cikin rigar, domin mai hawan jini a cikin soso da tsakar rana, abin ba zai tsaya a ƙafa ba. Ya amsa da to. Ya tuɓe, ya sa hularsa, ya fita ta bayan rumfunan yana ɗingishi.

Riƙe maganar ya fi ƙarfin yadda ta zata. Tana dawowa Abdulwahidu ya tambaye ta ya biki, ta ce lafiya, ta shige kicin ta toshe baki da gefen hijabi. Kwana da kwanaki sai ta tuna "zafi alhamdu lillahi" tana tsakiyar wanke-wanke, ta yi ta dariya ita kaɗai.

Kwana tara da faruwar abin, ƙaninta ya turo mata wani bidiyo daga Kano, ya rubuta, "Yaya, wannan ba hijabinki ba ne?" Wani ne ya ɗauka a wurin bikin ya sa a intanet, wani ɗan Najeriya ya ci karo da shi ya rubuta a sama: naman da ke jin Hausa. Daƙiƙa goma sha biyar ne. Ga naman yana gudu, ga faɗuwar, ga ihun tar a kunne, ga wata mata mai koren hijabi ta ba da baya tana jan soso. Kafin kwana biyu ya zaga ko'ina. A zauren maza aka shiga canke-canke, wasu suka ce wani ɗalibi ne ɗan Gombe, shi kuma ya yi ta rantsuwa yana can garin Penang ranar. Malam Sharif da kansa aka nema ya ja kunnen matasa a kan zubar da mutuncin al'umma. Ya rubuta layi biyu, ya ce a yi wa kowa kyakkyawan zato.

Matan da suka bar mata farfesu su ne suka fara kiranta. Wace ce ba ta san koren hijabin ba? Kowacce amsa ɗaya ta samu: "Na taimaka an ɗaga shi ne kawai. In kuna son suna ku je ku tambayi mai rumfar."

Ranar Talata gab da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Anti Lailatu ce, ita kaɗai. Suka gaisa, ta shigo ta zauna a kujerar da matashin yake, ta ɗan ture shi gefe. Daso ta kawo ruwa ta zauna a ƙasa.

"Shekara goma sha tara ina jin wannan wayyo ɗin," in ji Anti Lailatu. "In ya buge ƙafa da gado, ita ce. In ruwan wanka ya yi zafi, ita ce. Ya dawo min yana ɗingishi ya ce santsi ne ya kwashe shi a matattakalar ɗakin karatu. Har man zafi na shafa masa."

Daso ta matso mata da kofin ruwan.

"Jiya na kunna masa a gabansa. Bai musa ba. Ya ce ke kika ɗaga shi. To ni abin da ya kawo ni, me ya hana ki faɗa? Bayan abin da na yi miki a gaban mutane?"

"Anti, nama ya ci. Ba wani abu ya yi ba."

Anti Lailatu ta dube ta, bakinta ya fara rawa. Daso ta ɗauka kuka za ta yi, sai ga dariya ta ɓarke mata, irin wadda ba ta tsayawa, har ta kifa kai a hannun kujera tana cewa "da gemunsa, da furfurarsa". Daso ma ta saki tata da ta riƙe sama da sati biyu. Sai da suka lafa hawayen gaske ya biyo baya. Anti Lailatu ta ce mahaifin Malam Sharif shanyewar ɓarin jiki ce ta kashe shi yana da shekara hamsin da biyu, shi kuma yanzu yana da arba'in da tara. Likita bai ce a hana shi gaba ɗaya ba, cewa ya yi tsoka zalla, kaɗan, sau biyu a sati. Ita ce tsoro ya sa ta rufe ƙofar duka. Ta kuma ce maganar sabulu tun a satin ta sa ɗiyarta ta bincika, ta gano gaskiyar Daso ce, nauyin baki ne ya hana ta dawowa.

"Ki yafe min."

"Ya wuce, Anti. Amma dambun nan da aka dawo min da shi ya yi min ciwo."

"Na sani."

Anti Lailatu ta dubi matashin, sannan ta ce, "Wai shi abin nan da ya sa dattijo ya shiga soso, yaya ɗanɗanonsa yake?"

Daso ta tashi ta ɗauko fakitin daga firij, ta miƙa mata ba tare da an tambaya ba. Anti Lailatu ta sa tabarau ta karanta gaba da baya, ta duba tambarin halal, ta gyaɗa kai. Daso ta soya guda huɗu. Anti Lailatu ta gutsiri ɗaya tana taunawa a hankali.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce, ta ɗauki na biyu.

A nan falon Daso ta kira mahaifinta ta bidiyo, yana zaune a ƙofar gida a Fagge bayan sallar asuba, domin a can lokacin gari ke wayewa. Ta ce masa ga wata yayarta mai miji mai hawan jini, wane wuri za a riƙa saya masa? Tsohon ya gyara zama. Ya ce tsokar cinya ta ciki, wadda ba ta da zaren kitse, a yanka ta falle-falle, a gasa ba a soya ba, a cika mata citta da masoro da tafarnuwa yadda harshe ba zai nemi gishiri ba. Ya yi bayani ya fi na minti ashirin, Anti Lailatu tana rubutawa a bayan wata takardar asibiti. Ranar Alhamis su biyu suka hau jirgin ƙasa zuwa kasuwar Chow Kit, Daso ta nuna wa mahaucin daidai inda zai sa wuƙa, har mutumin ya tambaye ta ko ta taɓa yin sana'ar.

A taron wata mai zuwa Anti Lailatu ce ta fara buɗe kular Daso, ta zuba ta ci, ta ce a ƙara mata. Sauran suka bi layi, ba wadda ta sake tayar da zancen. Bidiyon ya yi zamaninsa aka manta, ba a taɓa gano ko wane ne ba.

Bayan shekara ɗaya da rabi Malam Sharif ya gama karatu, aka raka su filin jirgi. Suna jiran a auna kaya ya ja Abdulwahidu gefe, ya daɗe yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Daso ta hango mijinta ya buɗe baki, ya rufe, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

A jirgin ƙasa na dawowa sun wuce tasha biyu, Afnan tana barci a cinyar Abdulwahidu. Can ya juyo.

"Daso, shekara ɗaya da rabi? Ni da nake kwana gida ɗaya da ke? Ni fa har musu na yi da mutane cewa yaron nan ɗan Gombe ne."

"Ka taɓa tambayata?"

Ya yi tunani, ya ga bai taɓa ba.

"To mu sauka a Kampung Baru," in ji ta. "Akwai wani mai gasa rago a bayan masallaci, ƙarfe huɗu yake tashi."